Komawa Italiya babu katin zama a hannu: risit, bizar komawa, ko haƙurin jira?

Duk wanda ya yi 'yan shekaru a Italiya ya san sabunta takardar zama ba ta tafiya da lokacin mai ita. Dokar shige da fice ta 1998, mai lamba 286, ta ce mutum ya nemi sabuntawa tun ana saura kwana 60 katinsa ya ƙare, ta kuma ba Kwestura, wato hedikwatar 'yan sandan lardi, kwana 60 ta fitar da sabo. A aikace kuwa, a manyan birane irin su Roma da Napoli da Milan, watanni ake kwashewa. Su kuma lamuran gida ba sa jira. Yau an ce jikin Hajiya ya yi tsanani, gobe an sa ranar auren ƙanwa, jibi ana nemanka wajen rabon gado. Haka ɗan'uwa zai tashi daga Bresha ko Kastel Bolturno ya nufi Kano ko Yamai ko Kumasi da sojorno, wato katin zama, wanda ya mutu, ko ya je da mai rai ya ɓace a can. Sai ranar komawa ta matso hankali ya tashi.

Abin da ke rikita shawarar da ake ba juna a masallaci da zaurukan WhatsApp shi ne ana haɗa mutum uku a magana ɗaya. Akwai wanda katinsa na da rai amma ya manta shi a ɗaki a Italiya. Akwai wanda katinsa ya ƙare, ya riga ya aika takardun sabuntawa, yana riƙe da risit ɗin gidan waya. Akwai kuma wanda katinsa ya ɓace ko aka sace, ko ya ƙare yana gida bai nemi sabuntawa ba. Maganin da ya yi wa na biyu aiki ba zai yi wa na uku komai ba. Shi ya sa idan wani ya ce maka "ni ai haka na shigo, ba wanda ya tambaye ni," ka fara tambayarsa me yake riƙe da shi a ranar, kuma ta wace ƙasa jirginsa ya bi.

Kafin a shiga gwada hanyoyin, ya kamata a san wanda zai fara tare mutum. Ba ɗan sandan filin jirgin Fiyumicino na Roma ba ne. Ma'aikaciyar kamfanin jirgi ce a teburin auna kaya, a filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Diori Hamani da ke Yamai. Dokar Italiya tana cin kamfanin jirgi tarar yuro 3,500 zuwa 5,500 a kan kowane fasinjan da ya kawo ba da cikakkun takardu ba, sannan ya mayar da shi inda ya ɗauko shi. Don haka ma'aikaciyar ba ruwanta da shekarun da ka yi kana biyan haraji a Italiya, ko kwangilar aikinka, ko 'ya'yanka da ke makaranta a can. Za ta buɗe manhajar Timatic, wadda kamfanonin jirage ke duba sharuɗɗan shiga ƙasashe a cikinta, ta gwada abin da ke rubuce da abin da ka miƙa mata. Katin shaida na Italiya da ake ba baƙi ba zai taimaka ba, domin a jikinsa an rubuta ba na fita ƙasa ba ne. Katin asibiti ma haka. Kana iya zama mai cikakken haƙƙin zama a Italiya, amma jirgi ya tashi ya bar ka, saboda haƙƙin ba ya cikin takardar da ke hannunka.

Na farkon cikin mutanen nan uku nasa mai sauƙi ne, ba sai an daɗe a kai ba. Kati mai rai da aka manta a aljihun wata riga, a aiko shi kawai, ta kamfanin aika saƙo irin DHL mai lambar bibiya, ko ta hannun amintaccen matafiyi. Sauya ranar tikiti da mako ɗaya ya fi araha nesa ba kusa ba a kan neman biza. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a karɓo maka sabon katin da ya fito kana gida. A nan zuwa da kai ya fi saƙo: mai katin ne ke zuwa Kwestura da kansa, a ɗora yatsansa a na'ura a tabbatar shi ne, ya miƙa tsohon, a ba shi sabon. Abokin ɗaki ba zai iya ba, ko da kun yi kama.

Na biyun shi ne inda mafi yawan mutanenmu suke, kuma a nan zaɓi na gaskiya yake: ka tafi da risit, ko ka jira kati.

Wanda ya cika takardun sabuntawar nan masu ambulan mai ratsin rawaya ya kai gidan waya, ya san kuɗin da ya zuba: yuro 16 na kan sarki, yuro 30.46 na buga katin, yuro 30 na gidan waya, da gudummawar yuro 40 ko 50 gwargwadon tsawon izinin, ko 100 ga mai neman na dogon zama. Abin da ake miƙo masa bayan duk wannan 'yar takarda ce da ba ta cika ido, mai ɗauke da lambar shiga da lambar sirri waɗanda ake duba inda aiki ya kai da su a intanet. Tare da ita akwai takardar ranar da za a je ɗaukar hoton yatsu. Wannan 'yar takarda tana da ƙarfi a doka. Tun umarnin Ma'aikatar Cikin Gida na watan Agusta 2006, mai jiran sabuntawa yana nan da haƙƙoƙinsa, yana aiki, yana zuwa asibiti. Haka kuma an yarda ya fita Italiya ya dawo idan yana riƙe da abu uku tare: fasfo mai rai, tsohon katin da ya ƙare, da risit na asali. A da sai ka dawo ta ƙofar da ka fita, amma tun 2009 aka sassauta, kana iya fita ta Milan ka shigo ta Roma.

Sharaɗin da ke kayar da mutane guda ne: kada tafiyar ta ratsa wata ƙasa ta yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka ɗage binciken kan iyaka a tsakaninsu, a zuwa ko a dawowa. Dalilin a fili yake idan aka duba yadda filayen jirgi ke aiki. Jirgin da ya tashi daga Abuja ya sauka Faris, sannan ka hau wani zuwa Bolonya, a Faris ka shiga Turai, kuma ɗan sandan Faransa ne zai duba takardunka. Jirgin Faris zuwa Bolonya tamkar na cikin gida ne. Shi kuwa ɗan sandan Faransa risit ɗin gidan wayar Italiya ba ya cikin takardun da yake karɓa. Haka abin yake a Firankfot da Amstadam da Burasel da Lizbon, har da Zurik, tunda Suwizalan ma tana cikin yankin duk da ba ta cikin Tarayyar Turai. Ga 'yan Najeriya da Gana abin ya ƙara tsauri, domin suna cikin ƙasashen da ko zama a ɗakin jira na filin jirgin Shengen sai da bizar ratse, idan babu takardar zama mai rai.

To ina mafita? Biranen da ke wajen yankin: Addis Ababa, Alƙahira, Istanbul, Doha, Kasabalanka. Daga kowannensu akwai jirgin da ke sauka kai tsaye a Roma ko Milan, kuma mutanen Kano da Abuja da Yamai sun saba da waɗannan hanyoyi. Idan za ka sayi tikiti, ka karanta kowane zango da idonka. Mai sayar da tikiti araha yake nema maka, kuma sau da yawa mafi arahar ta Turai take bi. Bambancin yuro ɗari ko ɗari biyu ba komai ba ne idan aka gwada da tikitin da ya ƙone gaba ɗaya.

Amfanin tafiya da risit shi ne ba ka neman izinin kowa. Ba layin ofishin jakadanci, ba kuɗin biza, ba jira. Illarsa kuma ita ce komai ya rataya a kan takardu biyu da ba su da madadi a ƙasar waje. Idan tsohon katin ya ɓace, risit shi kaɗai ba ya cika sharaɗi. Idan risit ɗin ya ɓace ko ruwa ya cinye rubutunsa, tsohon kati ba ya cika sharaɗi. Hoto a waya yana taimakawa wajen bayani, amma ba ya maye gurbin na asali. Kada kuma a liƙe risit ɗin da leda mai zafi don adana shi, saboda jami'an kan iyaka kan buga hatimi a kansa. A sa shi a 'yar jakar leda mai buɗewa, a haɗa da fasfo, a bar su wuri ɗaya. Wanda ya sabunta fasfo yana gida, ya riƙe tsohon tare da sabon, tunda lambar tsohon ce Kwestura ta sani.

Illa ta biyu ita ce ba kowane ma'aikacin jirgi ne ya taɓa ganin wannan takarda ba. Za ka ga ta juya ta gaba da baya, ta kira na sama da ita, layi ya taru a bayanka. A irin wannan wuri faɗa ba ya buɗe ƙofa. Abin da ke aiki shi ne isa filin jirgi da wuri sosai, da buga shafin 'yan sandan Italiya da ya yi bayanin wannan izini a riƙe a hannu, da roƙon a duba abin da Timatic ta ce game da masu jiran sabuntawa. Ya fi kyau ma mutum ya je ofishin kamfanin a cikin gari kwana biyu ko uku kafin tafiya, ya nuna takardunsa, ya ji ta bakinsu tun da sauran lokacin gyara.

Akwai kuma maganar ranar hoton yatsu, wadda a ganina ita ce ke raba tafiya mai hankali da ta ganganci. Wanda ya riga ya je aka ɗauki yatsunsa, aikinsa na tafiya ko yana nan ko ba ya nan, kati zai fito ya jira shi. Wanda ranarsa ke gaba, dole ya dawo kafin ta. Rashin zuwa ba tare da sanarwa ba na iya sa a rufe fayil ɗin, kuma idan an rufe, risit ɗin da ke aljihunka ya zama shaidar aikin da babu shi. Ko bayan yatsu, Kwestura na iya neman ƙarin takarda, ta aiko wasiƙa adireshinka. Ka bar wanda zai riƙa duba akwatin wasiƙarka, ka kuma riƙa leƙa shafin duba aiki da lambobin da ke kan risit.

Masu jiran katin farko su ma an ba su wannan dama, amma ba duka ba. Ta shafi wanda ya shigo da bizar aiki, na albashi ko na kansa, ko bizar haɗuwa da iyali. Shi zai nuna fasfo da bizar da ya shigo da ita da risit, kuma sharaɗin kauce wa Shengen na kansa.

Idan an gwada da jira fa? Jira ba shi da haɗarin hanya ko kaɗan. Da sabon kati a hannu ka bi ta Faris ko ta ko'ina, ka zaɓi tikiti mafi araha, ba mai juya takardarka. Abin da yake ci shi ne lokaci, wani sa'in lokacin da ba ya dawowa. Ba zan ce wa wanda mahaifinsa ke kwance rai a hannun Allah ya zauna jiran kati ba, alhali doka ta ba shi hanya. Amma hutu, da ganin gini, da bikin da za a iya ɗagawa, waɗannan ni ina ganin su jira. Tsakanin biyun akwai abin da mutane ke mantawa: idan larurar ta gaske ce, a kai wa ofishin baƙi na Kwestura shaidarta a rubuce, takardar asibiti ko ta rasuwa, a nemi a gaggauta. Ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago da ke taimaka wa baƙi cika takardu sun san yadda ake rubuta irin wannan buƙata. Ba a ba da tabbaci, amma ana dacewa.

Yanzu sai na ukun, wanda nasa ya fi nauyi. An yanke aljihu a kasuwa, ko jaka ta salwanta a mota, kati ya tafi. A nan babu zaɓi tsakanin hanyoyi, hanya ɗaya ce: bizar komawa, wadda Italiyawa ke kira visto di reingresso. Sashe na 8 na ƙa'idar zartarwa ta 1999, mai lamba 394, ya ce wanda katinsa ya ɓace ko aka sace ya nemi wannan biza a ofishin jakadanci, ya haɗa da kwafin rahoton da ya kai wa 'yan sanda. Ofishin kuma ba ya bayarwa sai ya tuntuɓi Kwesturar da ta ba da izinin ta tabbatar yana nan. Wannan tuntuɓa ita ce ke cin lokaci, kuma ba wanda zai iya yi maka alkawarin rana. Biza ce ta ƙasa, nau'in D, kuɗinta yuro 116, kuma doka ta ba ofishin jakadanci har kwana 90 a kan irin waɗannan bizoji. Italiya na da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, tana da shi a Akara da Yamai da Yawunde. A duba shafin wanda ya shafe ka, domin wasu ta hannun kamfani suke karɓar takardu, kuma sai da ranar ganawa.

Abin da ke hanzarta wannan aiki yana hannun mai nema tun kafin ya bar Italiya. Wanda ke da hoton katinsa gaba da baya, da lambarsa, da kwangilar aiki, da takardun albashi na watannin baya, da shaidar adireshi, ya sauƙaƙa wa jami'in da zai rubuta wa Kwestura. Wanda ya zo hannu rabbana yana cewa "a Napoli aka ba ni," ya ƙara wa kansa makonni. Rahoton 'yan sanda kuma a yi shi ranar da abin ya faru ko washegari, a garin da ya faru. A Najeriya akan haɗa da takardar rantsuwa ta kotu. Sannan a sanar da mai gidan aiki a rubuce tun a makon farko, domin bizar na iya fitowa a tarar aikin da za a sabunta izinin da shi ya tafi.

Wanda katinsa ya ƙare yana gida ba tare da ya nemi sabuntawa ba, shi ne a wuri mafi santsi. Ba a neman sabuntawa daga waje, tunda mai takardar ne ke miƙa ta da kansa a gidan waya da fasfonsa. Sashen nan na 8 ya yi maganar katin da bai wuce kwana 60 da ƙarewa ba, wanda kuma aka nemi sabunta shi a kan lokaci. Ya tsawaita wa'adin zuwa wata 6 idan akwai tabbatacciyar rashin lafiya mai tsanani ta mutumin kansa, ko ta matarsa ko mijinta, ko iyaye, ko 'ya'ya. Wanda ya faɗa wajen wannan da'ira, maganarsa ta koma ga abin da Kwestura ta gani, tana iya yarda, tana iya ƙi. Don haka idan kana gida ka ga ranar ƙarewar kati na matsowa, kada ka tsaya lissafin kwana 60 ɗin nan kamar kyauta ce aka ba ka. Ka sauya tikiti ka shiga Italiya ko da ana gobe zai ƙare. Kati mai saura kwana ɗaya kati ne mai rai.

Bayan ranar da ke jikin kati, akwai wani lissafin da ke tafiya a ɓoye, kuma ya fi hallaka takardu. Ƙa'idar ta 1999 ta ce ba a sabunta izinin wanda ya bar Italiya fiye da wata 6 a jere. Idan izinin na shekara 2 ne ko fiye, iyakar ita ce rabin tsawonsa. Ana ɗaga ƙafa ne kawai idan akwai babban dalili mai shaida. Masu izinin dogon zama, wanda ake samu bayan shekara 5, suna da sarari fiye da haka, amma su ma ana soke shi idan suka yi wata 12 a jere a wajen Tarayyar Turai. Hatimin fasfo ne ke ba da shaida, ba bakin mutum ba. Wanda ke zaune a Kano yana jiran bizar komawa ya sani wannan lissafi bai tsaya don yana jira ba, ya adana duk takardar da ke nuna ranar da ya miƙa buƙatarsa.

Dattawanmu da suka daɗe a can, masu katin da aka rubuta wa "illimitata", wato mara wa'adi, su ma su duba nasu. Dokar 2021 ta sa katin dogon zama ya zama ana sabunta shi duk shekara 10 ga manya, duk da haƙƙin zaman kansa ba ya ƙarewa, kuma katin da ya haura shekara 10 da bugawa ya daina zama shaida. Alhaji na iya tafiya da kwanciyar hankali cewa nasa ba ya mutuwa, sai a teburin jirgi a ce wannan tsohon yayi ne. A sabunta shi kafin a sayi tikiti.

Akwai shawarar da ake bayarwa wadda ban yarda da ita ba ko kaɗan: a nemi bizar yawon buɗe ido ta wata ƙasar Turai, a shiga ta can a gangaro Italiya. Mai neman wannan biza yana sa hannu ne cewa zai je ya dawo gida, alhali niyyarsa komawa mazauninsa. Ƙasashen Shengen rumbun bayanan biza ɗaya suke amfani da shi, yatsunka na ciki, kuma ƙin da aka yi maka a wani ofishi kowane ofishi zai gani. Mutum mai haƙƙi na gaskiya bai kamata ya ɓata fayil ɗinsa da ƙarya ba. Masu cewa a ba su kuɗi su "san wani a ciki" kuma, kuɗin ne kawai zai tafi.

Duk abin da na faɗa game da risit bai shafi mai neman mafaka ba, wanda takardarsa ba ta tafiya ba ce. Bai kuma shafi wanda aka ba matsayin ɗan gudun hijira ko kariya ta ƙasa da ƙasa ba, domin shi komawa ƙasarsa kanta na iya zama dalilin janye kariyar, kuma dokokin 2018 da 2023 sun ƙara tsananta wannan. Da yawa cikin matasanmu da suka shigo ta teku irin waɗannan takardu ne a hannunsu, wasu kuma nasu kai tsaye ake sabuntawa a Kwestura ba ta gidan waya ba. Mai irin wannan takarda ya zauna da lauya kafin ya yi ko da tambayar kuɗin tikiti.

Idan Allah ya sa an sauka lafiya da bizar komawa, aiki bai ƙare ba. Bizar ta shigo da kai ne kawai, ba ta zama katin zama ba. Cikin kwana 8 na aiki ka gabatar da kanka ga Kwestura, ka nemi kwafin katin da ya ɓace, ko sabunta wanda ya ƙare, da rahoton 'yan sandan da ka zo da shi da fasfon da bizar ke ciki. Wanda ya shigo da risit kuma ya duba ko katinsa ya fito, ya je ya karɓa da tsohon a hannu, domin sai ya miƙa shi za a ba shi sabon.